Zango da Yawon Buɗe Ido

Duk wanda ya sami wuri ya zauna a Kasuwar Malam Atta, a unguwar New Town ta birnin Ankara na ƙasar Ghana, tun daga hantsi har zuwa kiran sallar azahar, ya kuma kawar da hankalinsa daga ciniki ya kasa kunne ga zancen jama'a, zai lura cewa ko da yake harsuna da dama ne suke cuɗanya a wurin, na mutanen Ga da na Ashanti da na Dagomba da na Zabarmawa, har da Turanci, Hausa ce sau da yawa take sada mai albasa da mai doya da yarinyar da ke ɗaukar kaya a ka. In kuwa ya ƙara natsuwa, zai ji cewa rabin zancen nan na hanya ne. Wannan albasarsa ta taso daga Nijar, tana kan iyaka ba ta ƙetaro ba tukuna. Waccan tana jiran doyar Tachiman. Wata kuma tana kukan kifin banda ya yi tsada domin masunta ba su samo abin kirki ba a makon jiya. Gero da wake da barkono da goro, kowanne sai da ya keta ƙasashe kafin ya iso faifan mai sayarwa. Amma da za ka tambayi samarin unguwannin Nima da Mamobi da ke kai da kawowa a tsakanin rumfunan nan, waɗanda a garin nan aka yanke musu cibi, su da iyayensu, ko sun taɓa hawa tudun Aburi, wanda in gari ya yi garau ana hango shi daga gefen birni, ko sun taɓa sa ƙafa a kurkukun bayi na Elmina, da yawa daga cikinsu za su ce maka a'a, kuma ba rashin kuɗin mota kaɗai ya hana su ba.

Na daɗe ina juya wannan al'amari a raina, domin abin baƙin ciki ne a ce jikokin mutanen da suka yi suna wajen tafiyar ƙasa a wannan sashe na Afirka su ne yau ba su san abin da ke bayan unguwarsu ba. Iyakar abin da nazarina ya kai ni kuwa shi ne, wani babban ɓangare na dalilin yana kwance a cikin kalmomin da muka gada. Hausa tana da wadatar kalmomin tafiya, sai dai kowace ɗaya tana tafe da hujjarta a hannu. Fatauci tafiya ce ta neman riba. Ci-rani ta manomi ce da ya kai amfanin gona gida, ya fita don ya rage wa rumbu baki, ya kuma samo abin sutura. Almajiranci don karatu ne, ziyara don zumunci, biki da ta'aziyya sun san ƙofar da suka nufa, hijira gudu ce da addini ko da rai, hajji kuwa farilla ce a kan mai iko. Dukan waɗannan mutum yana faɗinsu a gaban manya kansa a ɗage. Tafiyar da ba a ɗora mata kaya ko karatu ko zumunci ba, ita ce aka bar wa kalma guda, watau yawo, ita kuwa tun fil azal ba ta da kima a idon dattawa: yaron da ya cika yawo ana yi wa iyayensa jaje, wanda ya shiga yawon duniya an fid da rai da shi, mace kuwa in aka jingina mata kalmar an zubar mata da mutunci. Ko da zamani ya zo da buƙatar a raɗa wa tafiyar ganin ƙasa suna, sai da aka nemo wa yawo mai ceto, aka ce yawon buɗe ido, kamar yadda muke ji a bakin ma'aikatan rediyo da jarida. Duk da haka a zango har yanzu ana ɗaukarsa aikin Bature ne mai rataye da na'urar ɗaukar hoto.

Lokacin da na yi niyyar fita, na je sallama wurin wani dattijo mai sayar da goro a bakin kasuwar, na ce, "Baba, ina so in hau tudun Akwapim, inda Aburi take, daga can in gangara garuruwan bakin teku." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa gare ka a can?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To, me za ka saro?" Da na ce masa gani kawai za ni yi, sai ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ɗauki goriya guda ya miƙo mini, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Tambayoyin nan biyu nasa su ne mizanin da kakanninmu suka auna kowace tafiya da shi, kuma suna da gaskiyarsu, domin a zamanin da hanya take cike da 'yan fashi da namun daji da koguna marasa gada, wanda ya fita ba dalili ya yi wasa da ransa.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin tafiyar da suka yi. Ayarin fataken Gwanja yakan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da baƙin rini da jan fata, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, a ƙetare Kwara, a keta ƙasar Bargu, a bi ta Yandi, har a sauka Salaga bayan watanni, inda za a sayi goron da aka ɗauko daga kurmin Ashanti, waɗanda mutanenmu ke kira Tonawa. Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa da wannan sana'a suka kafa gidajensu. Inda duk rana ta yi musu, suka sauke kaya, suka ɗaure dabbobi, suka hura wuta da niyyar tashi da asuba, wannan wuri shi ne zango. Har ma da shi ake ƙidaya nisan hanya, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango biyar ne. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, aka kuma yi yaƙin basasar Salaga a 1892, sai kasuwar ta watse, fatake da malamai suka bazu, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu Kete Karachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har rasuwarsa a 1934, wasu kuma suka gangaro har bakin teku suka iske 'yan'uwansu da suka riga su, 'yan kasuwa da tsofaffin sojan Turawa. Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Malam Amadu Futa ya sami filin Nima daga hannun iyalin Odoi Kwao a 1931. Aka kafa unguwar Madina a 1959. Wurin kwana ɗaya ya zama wurin haihuwa da aure da maƙabarta, amma sunan bai sauya ba.

Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik, waɗanda ake karanta littattafansu irin su Risala a zaurukan Nima har gobe, sun yi wa matafiyi iyaka bayyananniya: wanda ya nufi tafiyar mil 48 zai yi ƙasaru, ya mayar da salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, amma da zarar ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu a wani gari, hukuncin matafiyi ya sauka daga kansa, sai ya cika sallarsa tare da mutanen gari. To, ga mu nan mun haura shekara ɗari a wannan ƙasa, mun raɗa wa unguwanninta sunaye da harshenmu, Tudu da Fadama da Sabon Zango, har garin Kasoa da ke kan hanyar yamma daga kasuwa ya samo sunansa, wake da ƙosai da koko da tuwon zafi sun shiga kowane gida da sunayensu na Hausa. Muna cika salla, amma zukatan da yawa daga cikinmu har yanzu ƙasaru suke yi. Ban ce laifinmu ne mu kaɗai ba. Wanda ya ga abin da ya faru a watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka ga mutanen da ba su san wani gida ba sai wannan sun ɗaure kaya suna kuka a tashar mota, ba za a zarge shi ba in ya koya wa 'ya'yansa su lafe a cikin unguwa. Amma tsoron da ya kare uba yana iya zama ƙangi ga jika.

A ƙarshen watan Maris na fita, lokacin da a Kano da Sakkwato ake tsakiyar bazara, rijiyoyi sun ja baya, manoma suna sharar gona suna duban gabas, dare ma ba ya kawo sauƙi. A kudancin Ghana lissafin ya sha bamban, domin damina biyu ake yi a shekara, babbar kuwa a daidai wannan lokaci take buɗe baki, ta yadda ƙurar hunturu ta riga ta kwanta, ciyawa ta tsiro, hanya kuma ba ta riga ta yi laka ba. Babu lokacin da ya fi shi dacewa da mai tafiya a ƙasa. Daga Madina mota take ɗaukar mutum ta bi da shi ta Adenta da Oyarifa har Ayi Mensah, inda shimfiɗaɗɗen filin Ankara ya ƙare, dutse ya fara. A nan na sauka na kama hawa da ƙafa, tare da ɗimbin mutanen birni da suka mayar da wannan hanya wurin motsa jiki a safiyar Asabar, daga gindin dutsen zuwa Peduase, inda gidan hutun shugaban ƙasa yake tun zamanin Nkrumah. Titin yana lanƙwasa yana manne da jikin dutse, kowace kwana kuwa in mutum ya waiwaya sai ya ga birnin ya ƙara ƙanƙancewa a ƙarƙashinsa, rufin kwano ya haɗe da rufin kwano har zuwa inda hazo ya gauraya ƙasa da teku. Na tsaya ina neman Nima a cikin wannan shimfiɗa, unguwar da in kana cikinta kake zaton ita ce duniya, da lungunanta da magudanarta da masallatanta, sai da ƙyar na iya cewa ga wajen da take. Wannan kaɗai ya isa darasi: ba a sanin girman gida ko ƙanƙantarsa sai an fita an hango shi daga nesa.

Iskar Aburi daban take, mai sanyi da laima, abin da ya sa Turawan mulki suka gina wa ma'aikatansu gidan jinya a can tun 1875, sa'an nan suka buɗe lambun itatuwa a wurin a 1890. Mai shiga zai bi ta tsakanin sahu biyu na dogayen itatuwa dangin kwakwa, miƙaƙƙu sumul, kafin ya iske wani tsohon rimi a tsakiyar fili, wanda ya girme wa lambun kansa, da na gan shi kuwa sai da na yi masa kallon ɗan'uwa, domin irinsa ne ke tsaye a Zariya da Kano. Mai yi mana jagora ya ɓantaro ɗan ɓawon wata bishiya ya ce in sansana, sai ga ƙamshin kirfa, wadda tun ina yaro nake ganinta a ɗaure a teburin masu kayan yaji ban taɓa tambayar daga ina take ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin wata gonar koko na gamu da shi, a kan hanyar ƙafa da ta ratsa tsakanin ƙauyuka, inda wani manomi, da ya ji ni da Hausa, ya ja hannuna ya nuna mini bishiyar goro. Ga ta nan, duhuwa ce mai faɗin ganye, 'ya'yanta a cikin wani koren kwanso mai ƙulle-ƙulle, in an fasa shi sai a iske goron a jere, kowanne a lulluɓe da farar fata wadda sai an jiƙa an sale ta kafin ja ko farin ya bayyana. Na tuna yawan sunayen da muka ba wannan ɗan itace, fari da ja da daushe da marsa da minu, da yadda muke ƙidaya shi da ƙwarya muna ɗaure shi a huhu. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi. Dominsa kakanninmu suka ƙare ƙarfinsu a hanya, wasu ma a can aka binne su. Amma a cikin dubun masu cinsa da wuya a sami goma da suka taɓa tsayawa a inuwar uwarsa. Mun san goro a matsayin haja, ba mu san shi a matsayin halitta ba.

Gaba kaɗan, a Mampong, akwai gonar Tetteh Quarshie, maƙerin nan da ya je aiki tsibirin Fernando Po ya komo da irin koko ya shuka a 1879, abin da ya bunƙasa har ya zamana a 1911 babu ƙasar da ta kai wannan fitar da koko a duniya, har 'yan ci-rani daga arewa suka riƙa kwararowa aikin gonakinsa. Mutumin nan neman abinci ya kai shi, kamar yadda ya kai dubban ma'aikata irinsa, amma shi ya tafi da idonsa a buɗe. Daga nan na wuce Akropong, garin gidajen dutse da ƙararrawar coci, inda 'yan mishan na Basel suka kafa makarantar horon malamai a 1848. Ban daɗe ba, sai dai na lura da tsabtar titunansu da yadda tsofaffi ke amsa gaisuwar baƙo da fara'a ko da bai iya harshensu ba.

A nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin wasu kalmomi huɗu da muke gwamutsawa, watau gani da kallo da dubawa da lura. Gani baiwa ce, duk mai ido yana da shi, ko ya so ko bai so ba. Kallo gani ne da aka ba shi lokaci don jin daɗi, shi ya sa muke cewa 'yan kallo ga waɗanda suka kewaye dambe ko wasa, ba ruwansu da wanda ya faɗi. Dubawa tana da niyya, ita ce ta mai neman abin da ya ɓata, ko likita a kan majinyaci. Lura kuwa aikin zuciya ne, ita ce ke ɗaukar abin da ido ya kawo ta auna shi ta fitar da hukunci, ita ce malamai ke nufi in sun yi zancen basira da tafakkuri da i'itibari. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a kan tafiya a bayan ƙasa domin wa'aztuwa da halittar Allah da labarin al'ummomin da suka shuɗe, magabata kuma sun ɗauki rihla da siyaha a matsayin ƙofofin ilimi: Ibn Battuta ya bar Tanja a 1325, bai huta ba sai da ya ga Hindu da Sin da Mali, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, da yake mutum ne mai bin diddigin labarin ƙasashe, har taswira ya ba Baturen nan matafiyi Clapperton a Sakkwato a 1824. Saboda haka yawon da aka yi shi da lura ba baƙon abu ba ne a addininmu ko a tarihinmu. Wanda aka yi don kallo kaɗai, a ɗauki hoto a koma, shi ne ya cancanci raini irin na dattawa.

Tafiyar bakin teku daga tashar Kaneshi take farawa, a ratsa cunkoson Kasoa, a bar Winneba a hannun hagu, sa'an nan garuruwan mutanen Fanti su fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sauka a Apam, inda wata 'yar ganuwa da mutanen Holan suka fara ginawa a 1697 take zaune a kan tudu tana kallon gaɓar da jiragen masunta suka cika, kowanne an fafe shi daga gungume guda an ƙara masa katako, an yi masa fenti da tutoci da rubutun addu'a. Na bi yashi da ƙafa, na iske mutane sun yi sahu, manya da yara, suna jan igiyar taru da waƙa, mata kuma suna jira da manyan kwanoni, a bayansu hayaƙin murhun banda yana tashi. Wannan kifi ne zai kwana a mota ya wayi gari a Kasuwar Malam Atta. Ranar Talata kuwa ba sa shiga ruwa, al'ada ce da suka gada, teku ma a bar ta ta huta. Na lura da yadda harshena ya gaza a wurin. Muna da su da koma da homa da taru da gora, muna da Sarkawa da bikin Argungu, amma duk na kogi da tafki ne. Ruwan da ke cika ya janye sau biyu a yini, da iskar da masunta ke karantawa kafin su fita, da nau'o'in kifin da suke rarrabewa da suna, duk sai dai in yi nuni da hannu. Mun zauna kusa da teku shekara da shekaru mun ba ta baya, shi ya sa ba ta ba mu kalmominta ba.

Daga Anomabo zuwa Cape Coast zuwa Elmina, tafiyar ta daina zama ta nishaɗi. Mutanen Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace ta a 1637, ta koma hannun Ingilishi a 1872, a cikinta kuma aka tsare Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Daga waje fara ce tas, kyakkyawa, tana kallon tashar masunta mai cike da hayaniya. Amma in aka shiga da kai ɗakunan ƙasa, inda aka riƙa cusa ɗaruruwan mutane a duhu, ba taga sai 'yar kafa, suna kwana a kan ƙazantarsu har jirgi ya zo, sa'an nan aka nuna maka ɗakin gwamna a bisa kurkukun mata, da wurin ibada a tsakar gidan, aka kuma kai ka ƙuntatacciyar ƙofar da ake fitar da su ɗaya ɗaya zuwa jirgi, to, a nan ɗan kallo ba shi da abin yi, sai mai lura. Na ga baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika suna kuka a wurin, suna ajiye furanni. Na tambayi kaina, mu fa, da wace fuska muka zo?

Amsar tana da nauyi, amma wajibi ne a faɗe ta. Kasuwar Salaga da ta ba mu goro, kasuwar bayi ce kuma, kuma a cikin waɗanda suka saya suka sayar akwai masu jin harshenmu da masu salla irin tamu. Hanyar da ta gangaro da mutane daga arewa, ta bi da su ta Assin Manso inda ake yi musu wankan ƙarshe, ita ta kawo su waɗannan ɗakuna. A ɗaya gefen kuma, Hausawa da yawa sun faɗa cikin wannan bala'i, ko da yake mafi yawansu ta gaɓar Ikko da Wida aka fitar da su, har suka shahara da tawaye a Bahiya ta ƙasar Brazil tun daga 1807, Musulmin can kuma suka yi babban yunƙurinsu a watan azumi na 1835; wasu daga cikin waɗanda suka sami 'yanci suka komo Ankara a wajen 1836, su ne ake kira Tabom, gidansu yana nan a tsohon gari har yau. Ashe ke nan muna da rabo a cikin masu kuka, muna kuma da rabo a cikin waɗanda ya kamata su nemi gafara. Yaron zango da bai taɓa tsayawa a wannan ɗaki ba, an tauye masa rabin tarihinsa, kuma zai girma yana jin kalmar bawa a bakin mutane, ana tsokana ko ana gori da ita, bai san abin da ke ƙarƙashinta ba.

Wani abu da ya sauƙaƙa mini hanya, wanda kuma ya kamata ya ƙarfafa gwiwar duk mai niyya, shi ne kusan babu garin da na sauka, a tudu ko a gaɓa, da ban sami zango a cikinsa ba. Ka tambayi kowa ina zango, zai nuna maka. Ka isa ka yi sallama a ƙofar masallaci, za a ba ka buta, a tambaye ka daga ina, kafin ka gama amsawa an sami wanda ya san wani naka a Nima ko Kumasi. A Cape Coast, kusa da kasuwar Kotokuraba, wani limami ya riƙe ni da hira bayan sallar isha'i, yana ce mini, "Malam, ai baƙo rahama ne, ba ka kwana a wani wuri sai nan." A wannan dare na ga kalmar ta koma ma'anarta ta asali, wurin da matafiyi ke sauke kaya ya sami aminci. Kakanninmu sun bar mana masaukai a shimfiɗe daga bakin teku har bakin hamada, gadon da ba kowace al'umma ke da irinsa ba, mu kuwa mun bar shi ba ma amfani da shi sai in mutuwa ko biki ya tashe mu.

Don haka nake kira ga malaman makarantun allo da na Islamiyya a Nima da Mamobi da New Town, da sarakunan zango, da ƙungiyoyin samari da ke tara kuɗi don bukukuwa, da iyaye mata na kasuwa waɗanda adashinsu ke ɗaukar nauyin gidaje: ku ware wani abu, ko sau ɗaya a shekara, a farkon damina kafin ruwa ya yi ƙarfi, ku ɗauki yaran nan, maza da mata, ku hau da su Aburi da ƙafa, ku nuna musu bishiyar goro da ta koko, sa'an nan ku kai su Elmina ku tsaya tare da su a ɗakunan nan, malami ya yi musu bayani da Hausa, ba tare da ɓoye rabonmu a ciki ba. Aburi ba ta kai nisan ƙasaru ba, ana zuwa a komo a yini guda. Cape Coast kuwa kimanin kilomita 150 ce, kuma akwai zango a can da zai karɓe ku. In dattijo ya tambaye ku wa gare ku a can, ku gaya masa cikin ladabi cewa ƙasar ce taku, kun tafi ku san ta.